Sakamakon Gwajin 'Yata da Aka Kai Gado Na Tara

Daga:
Mai gyaran agogo,
Shago na uku a ƙarƙashin benen da ke kallon tashar mota,
Mahaifin majinyaciya mai kati lamba 40817.

Alhamis, 17 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Asibiti,
Ta hannun Sakataren Gudanarwa.

Kwafi zuwa ga Babbar Likitar Tiyatar Yara, da Shugabar Ma'aikatan Jinya ta ɗakin yara.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RABA SAKAMAKON GWAJI DA LAMBAR GADO A ƊAKIN YARA, DA CUTARWAR DA HAKAN YA JAWO WA YARA BIYU, DA ROƘON ƊAUKAR MATAKI KAFIN GOBE JUMA'A

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da ofishinka, tare da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da basirar riƙon wannan asibiti, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan wata hanyar aiki da ake bi a ɗakin kwanciyar yara na hawa na biyu. Ina roƙon a karanta takardar nan yau, kada a ajiye ta cikin tire zuwa Litinin, domin abin da nake tsoro gobe ne zai faru, tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da sha biyu na rana.

Ni mai gyaran agogo ne, shekara ashirin da uku ina wannan sana'a. Na faɗi haka ne don a san dalilin da ya sa lokutan da zan ambata suka zo har da mintocinsu. Ba neman rigima ba ne, hannuna ne ya saba. Majinyaciyar 'yata ce ta biyu, shekararta tara, cikakken sunanta yana kan kwafin katin da na maƙala. A gida Sakan muke ce mata, saboda tun tana rarrafe ba ta iya zama wuri ɗaya, kamar hannun sakan na agogo. Yau kwananta goma sha ɗaya a asibitinka, ko juyawa ba ta yi sai an juya ta.

1. Zan fara da nawa laifin, kada wani ya riga ni faɗarsa. Ranar Alhamis, 3 ga Yuli, yarinyar ta dawo daga makaranta tana dafe da cibiya, ta yi amai sau biyu, ta ƙi cin komai. A cikin gwangwanin da nake tara ƙananan sukurori a gida akwai ragowar kafso shida na maganin kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda aka rubuta mini bara da haƙorina ya kumbura. Ban shanye su ba, da ciwon ya lafa sai na ajiye. Su na ɗauko ina buɗewa, ina raba garin gida biyu da bakin wuƙar aiki, wai ni ina auna wa yarinya daidai ƙarfinta. Na haɗa mata da maganin ciwon jiki daga kemis. Ranar Asabar da hantsi ciwon ya ɗauke cak, ta tashi zaune har ta nemi shayi. Mahaifiyarta ta yi mini sannu da ƙoƙari, ni kuma na karɓa, har ina cewa da ban kama agogo ba da yanzu likita ne ni. Daga baya aka sanar da ni cewa wannan sauƙin shi ne lokacin da afendis ɗinta, wato ɗan guntun hanjin da ya kumbura, ya fashe. Wannan nauyi nawa ne, kuma ba na neman ofishinka ya rage mini komai daga cikinsa.

2. Ranar Lahadi, 6 ga Yuli, cikinta ya ƙame kamar katako, jikinta ya yi zafi rau. Mun iso asibiti ƙarfe 10:20 na safe, aka kwantar da ita a gado na tara, aka shiga da ita tiyata ƙarfe 3:40 na yamma. Da babbar likitar tiyata ta fito, ta wanke ni tas a gaban matata kan maganar kafson nan, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce mai yiwuwa su suka rufe alamun ciwon har ya kai ga fashewa, kuma shan rabi a ajiye rabi yana cikin abubuwan da ke koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Sannan ta yi mana bayani dalla-dalla: ta wanke mugunyar da ta bazu a cikin, ta ɗebi kaɗan ta aika ɗakin gwaji, za a fara ba yarinyar magunguna biyu ta jijiya waɗanda aka saba farawa da su, kuma bayan kwana uku gwajin zai nuna ko ƙwayar cutar tana jin su ko ba ta ji.

Na roƙe ta ta ba 'yata maganin da ya fi kowanne ƙarfi tun a ranar. Ta ƙi. Ta ce ba a fito da wannan magani don tsoron uba, sai gwaji ya nuna buƙatarsa, domin duk lokacin da aka zuba shi a jikin wanda ba ya buƙata, ana rage masa kaifi ne, har ranar da yaron da ba shi da wani magani sai shi zai zo a tarar ya daina ci. Na yarda da ita a ranar, kuma har yau na yarda. Ba ni da ƙorafi a kanta ko kaɗan, kuma ina so a rubuta hakan a duk inda za a ajiye takardar nan.

3. Ga hanyar aikin da nake ƙorafi a kai. A bangon da ke bayan teburin nas-nas akwai akwatin katako mai rami goma sha biyu, kowane rami da lambar gado. Takardar gwaji kwafi uku ce a haɗe, kuma na ƙarshe, wanda rubutu ba ya isa gare shi sosai, shi ake dawowa da shi ɗakin yara. Saboda suna ba ya fitowa a jikinsa, sai akawun ɗakin tiyata ya saba rubuta lambar gado da jar maka, wato alƙalami mai kaurin baki, babba kamar tafin hannu. Masinja yana hawowa tsakanin sha ɗaya da sha biyu, daidai lokacin da ake fitar da mu iyaye maza don a yi shara, ya dubi jar lamba ya jefa a raminta.

A ɗakin nan kuma akwai wata dokar: yaron da ya fito daga tiyata ana kwantar da shi a gado na ɗaya zuwa na uku, kusa da idon nas, idan ya samu sauƙi a matsar da shi ƙasa. Kowace doka ita kaɗai tana da ma'ana, amma da alama ba a taɓa zaunar da su biyun wuri ɗaya ba. 'Yata ta bar gado na tara zuwa tiyata, ta dawo gado na biyu. Yarinyar da ke gado na biyu, 'yar wata mai ɗinki, wadda wani likitan tiyata daban ya cire wa afendis ranar Asabar kafin ya fashe, ita aka mayar gado na tara. Takardar gwajin 'yata kuwa ta riga ta sauka ƙasa da jan tara a goshinta.

4. Na tambayi sakamakon ranar Laraba, 9 ga wata, ƙarfe 1:15. Na sake tambaya ranar Alhamis, da Juma'a, da Asabar, da Lahadi. Kowace rana nas takan miƙa hannu cikin rami na biyu, ta fito da shi wayam, ta ce bai fito ba tukuna. Ranar Alhamis babbar likita ta zo zagaye ta nemi takardar, ta umarci ƙaramin likita ya bi sawu. Ya buga waya ɗakin gwaji a gabana ya tambayi sakamakon gado na biyu, aka ce masa babu komai na gado na biyu, shi ke nan ya ɗauka ba a gama ba. A waɗannan kwanaki ma'aunin zafi ya nuna 38.6, sannan 39.1, sannan 39.4, ranar Lahadi 39.8. An gaya mana zazzaɓi bayan irin wannan aiki ba abin mamaki ba ne. Wata nas ta ce wa matata mijinta ya cika ƙirga minti, ta lallashe shi ya koma shago. Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa, na cika.

Ranka ya daɗe, ranar Asabar yarinyar nan ta daina kuka. Na ɗauka zan ji daɗin hakan, sai na ga ashe ƙarfin kukan ne babu. Ta yi mini alama in cire agogon hannuna in sa mata a kunne, ta kwanta tana sauraron bugawarsa, idonta a kan bango. Na tsaya riƙe da shi minti arba'in, ina jin zafin kuncinta a bayan yatsuna, ina tsoron kada ta mutu a hannuna.

5. Ranar Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe 9:30 na safe, na sauka ɗakin gwaji da kaina. Ban ambaci gado ba, lambar kati na bayar. Ma'aikacin ya buɗe rajista ya nuna mini da yatsa: sakamakon kati 40817 ya fito tun ranar Laraba, 9 ga wata, ƙarfe 11:05, masinja ya sa hannu ya karɓa ƙarfe 11:20. A gefen layin an rubuta tara. Na hau bene ban san yadda na hau ba. Na roƙi shugabar nas ta buɗe fayil ɗin gado na tara, ta ce ba a nuna wa wani fayil ɗin 'yar wani, kuma a nan ma tana kan daidai. Mai ɗinkin nan, da ta ji abin da nake faɗa, ita ta tashi ta nemi a ba ta fayil ɗin 'yarta, ta zaro takardar ta ɗaga ta wajen taga. Da ido ba a ganin komai sai jan tara. Na ciro gilashin da nake maƙalawa a ido in duba cikin agogo, na duba layin suna. A can ƙasa, dishi-dishi, ga 40817, ga haruffa ukun farko na sunan 'yata.

Takardar ta ce ƙwayar cutar da ke cikin 'yata ba ta jin ɗaya daga magungunan biyu da ake ba ta, ta kuma faɗi wanda take ji. Wanda take jin shi ne wanda na roƙa aka hana ni. Na ɗaga kai sai ga shi a leda, rataye a kan gado na tara, yana ɗiga cikin hannun 'yar mai ɗinki. Daga nan zuwa gadon 'yata taku bakwai ne, na ƙirga. Kwana biyar yana wurin, ina wucewa ta gabansa safe da yamma ina gaida uwar yarinyar.

6. Cutarwa ta farko a kan yarinyar gado na tara ce, kuma mahaifiyarta ta ba ni izinin ambatarta, sa hannunta yana ƙasan nawa. Ba a taɓa ɗibar komai daga cikin 'yarta an kai gwaji ba. Ranar Laraba da yamma aka shirya sallamarta, uwar har ta naɗe kayansu. Ƙaramin likita ya tarar da takarda a rami na tara, ya yi abin da takardar ta ce. Aka riƙe yarinyar ƙarin kwana biyar, aka ɗura mata leda goma sha biyar na maganin da ba ta buƙata, hannayenta biyu suka kumbura don neman jijiya, gudawa ta kama ta har yanzu ba ta sake ta ba. An hana ni maganin nan ne don a kiyaye shi saboda yaran da za su zo a gaba, kuma na sunkuyar da kai na karɓi hujjar. Ina roƙon a duba inda kiyayewar ta ƙare.

7. Cutarwa ta biyu a kan 'yata ce. An canza mata magani ranar Litinin ƙarfe 1:50 na rana, kwana biyar da awa biyu da rabi bayan takardar ta iso ɗakin. Hoton ciki ya nuna mugunya ta sake taruwa. Ranar Talata, 15 ga wata, aka sake buɗe ta, aka bar mata roba a gefen ciki tana fitar da ruwa. Babbar likita ta ba mu haƙuri a kan abin da ba ita ta yi ba. Ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa ba za ta iya rantsuwa da an canza maganin a kan lokaci mugunyar ba za ta taru ba, amma kwana biyar ɗin nan an yi asararsu. Ta ce ta sake ɗibar mugunya ta aika gwaji, domin zazzaɓin bai sauka yadda take so ba, kuma tana zargin akwai ƙwayar cuta ta biyu da maganin yanzu bai taɓa ba. Sakamakon zai fito gobe Juma'a, 18 ga wata. Da shi za a san ko a ci gaba da maganin ko a canza. Ta ƙara da cewa jikin yarinyar ya yi rauni, ba ta fatan buɗe ta karo na uku.

8. Yau Alhamis, ƙarfe 8:10 na safe, an matsar da 'yata daga gado na biyu zuwa gado na bakwai, saboda an fito da wata jaririya 'yar wata goma sha takwas daga tiyata, kuma dokar ɗaki ta ba ta wurin. Takardar gwajin ranar Talata ta tafi da jan biyu, da idona na ga akawu yana rubutawa.

Tun safe nake yawo a kan wannan magana. Shugabar nas ta ce akwatin ya girme ta a aiki, ba ta da ikon taɓa tsarinsa sai da umarni a rubuce daga ofishinka. Ɗakin gwaji sun ce ba sa gyara rubutun takarda sai likitan da ya sa mata hannu ya sauko. Ƙaramin likitan ya ce zai sauka in ya samu sarari, kuma na ga yadda yake, shi kaɗai ne a ɗakuna biyu, tun safe bai zauna ba. Babbar likita tana ɗakin tiyata yini guda, gobe kuma ranar zuwanta ƙaramin asibitin reshe ce, sai Litinin za ta dawo. Wata nas ta yi mini alkawarin za ta tuna, amma gobe take hutu. Kowa ya saurare ni da ladabi, kowa ya tura ni ƙofa ta gaba, har na ƙare a ƙofarka.

A shagona, Ranka ya daɗe, agogo sittin kan taru, da yawansu iri ɗaya ne sak. Ban taɓa rubuta sunan mai agogo a jikin durowa ba. Ɗan kati nake ɗaurawa da zare a jikin agogon kansa, duk inda ya koma sunan ya bi shi. Yau da safe na ɗaura wa 'yata irinsa a wuyan hannu, da sunanta da lambar katinta. Ƙarfe 9:25 aka yanke shi da almakashi, aka ce ba kayan asibiti ba ne.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon ofishinka ya yi waɗannan:

(a) A ba da umarni yau, a rubuce, cewa sakamakon kati 40817 da zai fito gobe kada a jefa shi a akwati. A miƙa shi hannu da hannu ga likitan da ke bakin aiki, a karanta suna da lambar kati a gaban mahaifiyar yarinyar, a kuma buga wa babbar likita waya a sanar da ita a take, ko tana ina.

(b) A buɗe fayil ɗin dukan gadaje goma sha biyu yau, a gwada kowace takardar gwaji da katin mai ita. Ban san ko 'yata ce ta farko ba, kuma ba kowane uba ne ke yawo da gilashin agogo a aljihu ba.

(c) A daina rubuta lambar gado da jar maka, a rubuta suna da lambar kati. A ɗaura wa kowane yaro shaidarsa a hannu, ta asibiti, wadda ba za a yanke ba.

(d) Kada a sake fara wa yaro maganin nan mai ƙarfi sai mutum biyu sun haɗa takarda da yaro sun tabbatar nasa ne.

(e) Ba na neman a hukunta masinja, ko akawu, ko ƙaramin likita. Kowannensu ya yi aikin yadda ya tarar ana yi. Idan aka kori ɗaya aka bar akwatin a bango, wanda zai gaje shi ma ramin zai duba.

(f) Idan duk waɗannan ba za su yiwu kafin gobe ba, a ba ni izini na tsaya a bakin ƙofar ɗakin yara lokacin shara, in tari masinja da kaina. Ba zan taɓa komai ba, ba zan yi magana da kowa ba sai shi.

Ni kuma a nawa ɓangaren, idan asibiti yana so a gaya wa iyaye abin da ragowar kafso ke iya yi, a ba da labarina yadda yake, kada a sakaya komai. In ana so in tsaya a gabansu in faɗa da bakina, zan tsaya.

Ranka ya daɗe, gobe ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci masinja zai hawo bene da takarda mai jan biyu. A gado na biyu akwai jaririyar da takardar ba tata ba ce. 'Yata tana gado na bakwai, idan ba a sake matsar da ita ba kafin takardar nan ta iso teburinka.

Ina neman afuwa idan wata kalma ta fita daga ladabi, ba da nufi ba ne. Allah ya ja zamaninka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Naka mai biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Mai gyaran agogo, mahaifin majinyaciya mai kati lamba 40817.

(sa hannu)
Mai ɗinki, mahaifiyar yarinyar da ke gado na tara, shaida a kan sakin layi na 5 da na 6.

Abubuwan da aka maƙala:
i. Kwafin katin asibiti na majinyaciyar.
ii. Jerin zafin jikinta daga 6 zuwa 17 ga Yuli, da lokutan da aka auna.
iii. Ɗan katin da aka yanke daga hannunta, da zarensa. Sunanta yana jiki, ana iya karanta shi ba tare da gilashi ba.